Zurmi a Layi Ɗaya da Rabi

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Babu direban da ke zuwa inda kake, kuma ko da akwai, na san halinka da wasiƙa: ka juya ta gaba da baya, ka cusa a aljihu, ka ce sai an natsu. Amma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai yau kwana biyar, kuma duk faɗin Kaura babu mai amsa ta sai kai. Shi ya sa da aka tashi yara yau na ƙi hawa babur, na zauna a aji na yago takarda daga tsakiyar littafin darasi.

Gida lafiya. Ina nan dai ina koyarwa a firamaren Sakajiki. Tashar jirgi tana nan yadda ka bar ta, sai dai awaki sun fi fasinja yawa. A kasuwar hatsi har yanzu in na ratsa, tsofaffin abokan awonka sukan tsayar da ni su yi maka addu'a, su kuma yi mini tsiyar cewa ɗan ma'auni ya zama ɗan alli. Rabi ƙanwata ta haihu a Shinkafi, namiji, an sa masa sunanka. Inna ba ta iya faɗin sunan, ka dai sani, sai ta laƙaba masa Maigida, tana yi masa faɗan rashin kawo cefane alhali ko zama bai fara ba.

Ita Inna ce dalilin wasiƙar. Idonta ya yi rauni sosai, yanar ido ta rufe na dama. Kuma rabonta da garinsu Zurmi shekara huɗu ke nan, don hanyar ba ta biyuwa yadda ka san ta. Bara yayanta ya rasu a can, muka hana ta zuwa gaisuwa. Ba ta yi mana gardama ba. Daga baya ta fara tambayar littafinka mai jan bango. Yau ta ce ko ya faɗa bayan adaka, gobe ta ce ko wani abokinka ya ara bai maido ba. Ta ce tunda ƙafarta ba za ta kai ta garinsu ba, tana son ta ƙara jin wurin nan da aka yi maganar Zurmi, ko sau ɗaya ne kafin ta bi ka.

Ka tuna littafin ai. Wanda aka ba ka kyauta da ka gama ajin yaƙi da jahilci, na wani malamin dabbobi da ya sauka daga jirgi a Kaura ya zaga garuruwan nan yana duba shanu, ya rubuta abin da ya gani. Ranar Juma'a bayan la'asar kakan fito da shi daga adaka, ka shimfiɗa buzu a bakin ɗakinka, ka yi gyaran murya ka ce yara su zo su ji karatu. Mu mukan zo, mu ji kaɗan, mu fara tsokanar juna. Inna kuwa tana gefe tana tsintar shinkafa, ta ba ka rabin baya kamar ba ta san ana yi ba. Amma in ka iso Zurmi sai hannunta ya tsaya a cikin faifai.

To, Baba, littafin nan bai faɗa bayan adaka ba, kuma babu wanda ya ara. Ni na ƙona shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ne, jiharmu tana sabuwa fil, mu ma muna jin kanmu sababbi. Ina da shekara goma sha bakwai. Na tsayar da ɗan gemun da bai kai a kira shi gemu ba, na ɗage wando, ina tafiya a gari kamar ni aka ba wa amanar addinin kowa. Wata Alhamis ka tafi cin kasuwar Shinkafi, na buɗe adakarka ina neman takardar haihuwata, sai ga littafin. Na buɗe tsakiya, na ci karo da zanen wata Bafillatana da ƙwarya a kai, kafaɗunta a waje. Shi ke nan. Ban karanta ko layi ɗaya ba. Na sa shi cikin riga, na je bayan shagon kayan jirgi na cinna masa ashana, na tsaya har ya zama toka, ina jin na tsarkake gidanmu. Gaskiya ita ce babu malamin da ya ce in yi haka. Sun yi wa'azi a kan giya da caca da tauye mudu, ni na ƙara nawa gishirin. Ba na son in ɗora wa kowa rawar kaina.

Washegari Juma'a ka zazzage adaka har ƙasa. Ka ɗaga katifa, ka leƙa rumbu, ka aika garinku Banga a tambayi 'yan'uwanka. Ina tsaye ina taya ka nema, har ni ne mai cewa a duba saman katanga. Da yamma ka ce wataƙila ka ba wani aro ka manta, ka naɗe buzunka. Ba ka ƙara maganarsa ba har ka koma ga Allah, shekara goma sha ɗaya bayan haka. Ka sani? Na sha tambayar kaina wannan. Ranar ka dube ni sau ɗaya, dubawar da ta ɗan daɗe, sannan ka kau da kai. Amma da ma kai ba ka cika haɗa ido da ni ba, ni ɗan fari, ko sunana ban taɓa ji a bakinka ba. Don haka ban san wace dubawa ce ba.

Da Inna ta matsa, sai na ce bari in gwada wayar hannu. Baba, zamani ya zo da kasuwar da babu rumfa babu dillali. Mutum yana zaune a ɗakinsa ya ga kaya a waya, ya biya, a aiko masa daga wata uwa duniya. Na yi ta rubuta abin da na tuna na sunan littafin, ina sauya kalmomi, har ranar da hoton jan bangon nan ya bayyana a gabana, da zanen bijimin da ke tsakiyarsa. An rubuta cewa tsohon littafi ne da aka sake bugawa daidai da na asali. Ba zan faɗa maka abin da na biya ba, don na san za ka auna shi da buhun gero ka ce na haukace.

Na jira sati bakwai. Masu kawo saƙon suka ce iyakarsu Gusau, sai da na roƙi wani direban tasha ya karɓo mini. Na zo gida na wanke hannu kafin in farke ƙunshin, kai ka ce Alƙur'ani aka aiko mini.

Abin da na fara gani shi ne babu jan bango. Wani farin bango ne mai santsi yana ƙyalli, da hoton duwatsu masu ƙanƙara a kai. Ina malamin dabbobinmu ya ga ƙanƙara tsakanin Kaura da Shinkafi? Naka ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihun riga. Wannan faffaɗa ne kamar rajistar aji, rubutun ya taru a tsakiya, fili fari ya kewaye shi. Da na duba da kyau sai na gane ba sake bugawa suka yi ba, hoton tsohon suka ɗauka shafi-shafi suka manna. Wani shafin ya karkace, wani ya dushe. A wurare uku ga babban yatsan wanda ya danne takardar ya fito ɓaro-ɓaro, har da farcensa. Na daɗe ina kallon yatsan nan. Wane ne shi? Yana jin Hausa kuwa, ko dai an ajiye masa tulin littattafai ne aka ce ya gama kafin a tashi? A shafin farko akwai hatimin wani ɗakin karatu na ƙasar Turawa. Ashe tun da can wani ɗan'uwan littafinka yana can a ajiye cikin sanyi, babu mai gemun da zai taɓa shi.

Na nemi Bafillatanar. Tana nan, amma injinsu ya cika tawada, ta zama baƙin dunƙule tun daga wuya har ƙasa, ƙwaryar kaɗai ake ganewa. Abin da na ƙona littafi saboda shi, inji ya lulluɓe shi da kansa ba tare da an yi masa wa'azi ba. Na yi dariya ni kaɗai, dariyar da ba ta da daɗi. Na kai hancina jikin takardar. Naka yana ƙanshin adaka, turare da tsohon yadi. Wannan warin roba yake yi.

Duk wannan da sauƙi, na ce ai maganar ciki ake nema. Na fara karantawa, nan ma na tsaya. Baba, littafin nan Kananci yake yi. Ni kuwa na rantse littafinka Zamfarci yake yi. A kunnena har yau ina jin "munka sauka Kaura, munka iske shanu", ina jin "shina" da "wanga" da "hura". A nan kuwa "muka sauka" ne, "yana", "wannan", "fura". Raina ya ɓaci. Na ɗauka masu bugawar ne suka gyara masa baki, har na rubuta musu doguwar takardar ƙorafi cewa sun sauya harshen marubuci. Amsar ta zo nan take, da alama ba mutum ya rubuta ta ba: sun gode, suna fatan na ji daɗin kayan. Sai da na huce na tambayi kaina, hoto suka ɗauka, ta yaya hoto zai sauya harshe? Ni da nake koyar da Hausa, na fi kowa sanin cewa duk littafin boko da irin wannan Hausar ake buga shi, da ita nake cika allo kullum. Amma ban taɓa kawo littafinka cikin sahun littattafai ba. Ashe kai ne kake juya shi a bakinka, idonka yana ganin "muka", harshenka yana faɗin "munka", ba ka ko tuntuɓe. Da gangan kake yi don Inna ta ji daɗi, ko kai ma ba ka san kana yi ba?

Daga nan na yi sauri na wuce zuwa Zurmi. Ka san abin da nake nema. Marinar da ke ƙarƙashin tsamiya, da masu rinin da hannunsu ya yi shuɗi har ba ya wankuwa. Gulbi da damina, yadda ake ɗora kaya a kai a ratsa. Tsohuwar da ke dama fura a bakin kasuwa ba ta yarda kowa ya sa mata ludayi. Gidan nan mai rumbu biyu da kurna a tsakar gida. Da yarinyar nan mai wushirya da malamin ya iske a bakin rijiya, ya tambaye ta hanya ta nuna masa ta ƙarya don tsiwa, wadda ya ce duk tafiyarsa bai ga mai kyan dariyarta ba. Kakan ɗauki kusan rubu'in awa kana karanta wurin nan.

Na samu Zurmi. Layi ɗaya da rabi ce. Malamin ya ce sun ratsa ta ana ruwa, ba su tsaya ba, suka kwana a gaba.

Na ce to, ga inda suka cuce ni, sun tsallake shafuka. Na duba lambobin, suna bin juna daidai, babu giɓi. Na ce ko a wajen dawowa ya tsaya. Na karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, sau biyu, da yatsa a kan layi kamar ɗan aji biyu. Babu marina, babu kurna. Ga ciwon bakin shanu da na kofato shafi bayan shafi, ga yawan kiɗayar garke, ga ƙorafi a kan jakin da ya ƙi tafiya. Littafi ne mai gundura, Baba, in gaya maka gaskiya. Ni kuma, namiji mai shekara arba'in da 'yan kai, na zauna ina bin shafuka ina neman yarinya mai wushirya a cikin littafin ciwon shanu.

Ina cikin haka Inna ta kira ni daga tsakar gida in duba mata ko gishiri ne a gwangwani ko sukari. Na je, ta lasa, ta yi wa kanta dariya. Na tsaya ina kallon bakinta. Haƙoran sun zube da yawa, amma na gaban nan biyu suna nan, da 'yar ƙofarsu a tsakani.

Tun ranar nake ta haɗa abin. Kai mutumin Banga ne, zuwanka Zurmi bai fi a ƙirga da yatsu ba. Gida mai rumbu biyu da kurna gidan su Inna ne, na je da ƙuruciya, na ci kurnar. Tsohuwa mai fura gwaggonta ce. Duk abin da kake karantawa, labarin da take ba Rabi ne in suna tsefe kai, kai kuma kana gefe kana gyaran buhu kamar ba ka ji. Ashe tarawa kake yi. Ranar Juma'a ka buɗe littafi ka maida mata kayanta, da muryar malami, a ce ga garinsu har a takarda. Yarinyar bakin rijiya kuwa, wannan naka ne. Yaushe ka gan ta? Da gaske ta ɓatar da kai? Me ya kai ka Zurmi ranar? Babu wanda ya taɓa gaya mana yadda kuka haɗu, mu ma ba mu ga fuskar tambaya ba. Na tashi a gidan da ban taɓa jin ka ce wa Inna ko abincinta ya yi daɗi ba. In za ka kira ta sai ka ce "ke", ita ta ce "Malam". Na ɗauka iyakar abin ke nan.

Na rasa yadda zan yi da ita, don ta san saƙo ya iso, ta ji ƙarar takarda. In ce mata an cuce ni, an yanke wurin? In karanta mata layi ɗaya da rabi in rufe? Na kwana biyu ina kauce-kauce. Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a bakin ɗakinka, ta ce in ɗauko.

Na fara yadda aka rubuta. Ban yi layi biyar ba ta ce wannan ba shi ba ne, wannan Bakano ne, littafin Malam maganarmu yake yi. Na ce ta yi haƙuri, idona ne bai saba ba. Na koma farko na juya harshe irin naka. Wallahi da wuya, Baba. Ina ta tuntuɓe, in gyara wannan, wancan ya kuɓuce. Ta dai bar ni. Da na iso Zurmi sai na rufe ido na kama abin da na tuna. Na faɗi marina, na faɗi gulbi, na sa tsamiya a gabas ta ce a yamma take. Don in nuna karatu nake yi, sai na riƙa juya shafi ina sa takardar tana ƙara. Nan ta ɗaga hannu.

"Mi kaka ta juya takarda? Shi ba shi juyawa. Zurmi duk wuri guda take."

Na maida shafin na ci gaba. Na wuce fura, na wuce kurna, na ce munka iso bakin wata rijiya. Ta sake tsayar da ni, a hankali wannan karon.

"Tsallake wurin ga. Ba naka ba ne."

Na tsallake. Ta zauna tana murza gefen zanenta har aka kira magariba.

To ga tambayata, Baba. Ka san ta sani? Ko kai ma ka tafi kana ganin ka yi mata wayo? Shekara nawa kuka yi a haka, kai kana karanta abin da babu, ita tana tsintar shinkafar da ta riga ta tsince, mu muna tsakiya ana fakewa da mu? Ina son in san ranar da ka fara. Ina son in san ko ka taɓa ƙara wani sabon abu don ka ga ko hannunta zai tsaya.

Da na ƙona littafin, na ɗauka takarda na ƙona. Bayan na yi hankali na ɗauka kyautarka ta yaƙi da jahilci na ƙona, na yi nadamar wannan. Sai yanzu na san abin da na yi. Ba ka buƙatar littafin don ka tuna Zurmi, duk tana kanka. Amma ba za ka iya zama da hannu wofi ka dubi matarka a gaban 'ya'yanka ka faɗa mata tana da kyan dariya ba. Shekara goma sha ɗaya kuka yi tare bayan nan, Juma'a tana zuwa tana wucewa, ba ta ƙara ji ba. Ni na yi muku wannan, kuma babu kasuwar da zan sayo shi.

Ban gaya mata ni ne ba tukuna. Na yi niyya sau biyu, bakina ya ƙi. Na ga ya kamata in fara da kai, tunda adakarka na buɗe. Gobe in Allah ya kai mu zan durƙusa a gabanta in faɗa, ta yi yadda ta ga dama da ni.

Ka yafe mini, Baba. Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ku a inda ba sai ka nemi abin riƙewa a hannu ba.

Ɗanka na fari,
Lawali